Harshe da Tsarin Shirye-shiryen Buga Waya a Gidajen Rediyon Kano

1.0 Gabatarwa

Shirin buga waya shi ne shirin da gidan rediyo yake gabatarwa kai tsaye, ya buɗe layukan tarho domin mai sauraro ya kira daga inda yake, jama'a su ji muryarsa a daidai lokacin da yake magana. Galibi akan ɗauki wani batu na siyasa ko na rayuwar al'umma, a gayyato baƙo ɗaya ko biyu su tattauna da mai gabatarwa, sannan a ba masu sauraro dama su yi tambaya ko su tofa albarkacin bakinsu.

Ɗalibi zai iya tambaya, me ya kawo wannan batu cikin darasin Hausa? Amsar ita ce, da wuya a sami wani dandali a yau da ake jin Hausar baka ta talaka a bainar jama'a, ba tare da an tace ta ba, kamar wannan. Mai karanta labarai rubutu ne a gabansa, an fassara, an gyara, edita ya sa hannu. Shi kuwa mai buga waya da bakinsa na gida yake zuwa, da karin harshensa da kalmominsa na aro da karin maganarsa, har da fushinsa. Yaran da ɗalibi zai koyar gobe da wannan Hausar suke tashi, a shagon unguwa suke jin ta, a cikin A Daidaita Sahu, da kuma tsakar gida lokacin da iyaye mata suke aikace-aikace. Malamin da bai san yadda take aiki ba zai sha wuya wajen nuna wa yaro bambancinta da Hausar da ake so ya rubuta.

2.0 Yadda Mai Sauraro Ya Sami Baki

Rediyo ya shigo Kano a shekarun 1940, lokacin mulkin mallaka, ta hanyar akwatunan da ake jona wa waya daga tasha guda. Mai akwati ba ya da zaɓin tasha, balle ya mayar da magana. Ko bayan da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, magana daga sama take saukowa: hukuma ta faɗa, talaka ya ji. Ƙofar da aka bar wa mai sauraro ita ce wasiƙa. Daga nan aka sami shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka, inda mutum zai aika da kati ya gai da 'yan uwa da abokan arziki, ya zaɓi waƙa. Wannan al'ada ta yi ƙarfi har 'yan zaɓi sonka suka kafa ƙungiyoyi, wasunsu suka yi suna a faɗin ƙasar Hausa da laƙubbansu. Kada ɗalibi ya raina wannan mataki, domin a nan ne Bahaushe ya saba da jin sunansa da na unguwarsu a rediyo, kuma ɗabi'ar jero gaisuwa da ake fama da ita a shirye-shiryen buga waya gadon wancan zamani ce.

A 1978 aka sake fasalin rediyon tarayya, aka miƙa wa jihohi tashoshin da ke cikinsu, amma duk da haka kowace tasha ta gwamnati ce, ko ta tarayya ko ta jiha. Abubuwa uku ne suka sauya wannan hali. Na farko, Doka ta 38 ta 1992, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ta kuma halatta wa 'yan kasuwa mallakar gidajen rediyo da talabijin. Na biyu, dawowar mulkin farar hula a 1999. Na uku, wanda ya fi taɓa talaka, shigowar wayar salula a 2001. Kafin lokacin tarho na ofisoshi ne da gidajen masu hali, saboda haka ko an buɗe layi a shiri, sanannun mutane ne kaɗan za su iya kira. Da farko ita ma salular ta yi tsada, ana cajin naira 50 a kan kowane minti, ko da mutum kalma biyu ya faɗa. Sai a 2003, da kamfanin Globacom ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran kamfanoni suka bi sahu, kira ya fara zama abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya.

A ƙarshen wannan shekara ta 2003 ne gidan rediyon Freedom ya fara watsa shirye-shirye daga rukunin masana'antu na Sharaɗa, a kan mita 99.5 zangon FM. Ya zo da shirye-shiryen da suka sa muryar mutanen gari a gaba, jama'a suka karkata gare shi, har ya zama dole Rediyon Kano da sauran tashoshin gwamnati su faɗaɗa nasu fagen jin ra'ayi idan suna son riƙe masu sauraro. Daga baya tashoshi suka yawaita: Pyramid ta gwamnatin tarayya, da Dala, da Rahama, da Wazobia, da Express, da Arewa, da Vision, da wasunsu.

Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne sunayen shirye-shiryen. Da yawansu rabin karin magana ne, an bar wa mai sauraro ya ƙarasa. Hannu da Yawa na Rediyon Tarayya Kaduna, maganin ƙazamar miya ke nan. Ra'ayi Riga na BBC, kowa da irin tasa. Inda Ranka na Freedom, ka sha kallo. Kowane Gauta, shi ma na Freedom, ja ne sai dai in bai sha rana ba. Ba dukkansu ne na buga waya ba, wasu naɗar muryoyi ake yi a sa daga baya, amma sunan kowanne ya riga ya sanar da Bahaushe irin zaman da za a yi tun kafin a fara.

3.0 Tsarin Kira da Salon Maganarsa

Idan aka saurari kiraye-kiraye da dama za a tarar suna bin tsari kusan iri ɗaya, ko da yake ba wanda ya koya wa masu kiran. Ga misali da aka tsara domin nazari:

Mai kira: Assalamu alaikum.
Mai gabatarwa: Wa alaikumus salam. Da wa muke magana, kuma daga ina?
Mai kira: Sunana wane, daga nan Zawaciki. Malam barka da hantsi, yaya aiki, yaya baƙonmu?
Mai gabatarwa: Lafiya lau. Ɗan rage sautin rediyonka, sannan ka tafi kai tsaye kan batu.
Mai kira: To, ranka ya daɗe, mu dai ƙorafinmu a kan kwalbati ne. An zo an auna, an ce za a yi kafin damina, ga shi har an fara girbi. Don Allah a taimaka a dube mu, tunda mu ma da mu aka yi zaɓe.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne ja-in-ja tsakanin al'ada da agogo. A wajen Bahaushe, faɗawa cikin magana ba gaisuwa rashin tarbiyya ne, musamman idan buƙata ce ta kawo mutum. A wajen mai gabatarwa kuwa, kowace daƙiƙa da aka kashe a gaisuwa an tauye wa wani mai jiran layi ne. Shi ya sa jimlar "tafi kai tsaye kan batu" ta zama ruwan dare. Da a zaure aka faɗa wa baƙo haka, da an ci masa fuska, amma a rediyo an saba, ba mai jin haushi. Wannan misali ne mai kyau na yadda muhallin magana yake sauya abin da ake ɗauka ladabi. Umarnin rage sauti kuma dalilinsa na'ura ce: idan rediyon mai kira yana kusa da wayarsa, muryar takan koma cikin tasha ta yi amsa-kuwwa ko ƙara.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne yadda mai kiran ya yi ƙorafi ba tare da ya kama sunan kowa ba. A cikin jimlolinsa na ƙarshe ya yi amfani da wakilin sunan nan da ba ya fayyace mai aiki har sau takwas: an zo, an auna, an ce, za a yi, an fara, a taimaka, a dube, aka yi. Wa ya zo? Wa ya ce? Duk mai sauraro a yankin ya san ko kansila ake nufi ko ciyaman ko wata ma'aikata, amma a zahirin lafazi ba a zargi kowa ba. Nahawun Hausa ya tanadi wannan hanya tun kafin rediyo, da ita talaka yake kai kuka gaban hakimi, da ita mace take magana a kan surukanta. Haka kuma "a taimaka a dube mu" umarni ne da aka sassauta shi ya koma roƙo. A kwatanta shi da "ku zo ku gyara", za a ga ma'ana ɗaya ce, amma nauyin ya bambanta. A kwatanta kuma "an ce za a yi" da "ciyaman ya yi mana ƙarya". Ta farko kowace tasha za ta bari ta wuce. Ta biyu tana iya sa a katse layi, domin zargi ne a kan mutum sananne wanda tashar ba ta da hujjarsa a hannu.

Sannan a dubi "mu". Mai kiran bai ce "ƙorafina" ba. Ya naɗa kansa wakilin unguwa, ko an aiko shi ko ba a aiko shi ba, domin ya san kukan jama'a ya fi na mutum guda shiga kunne. Dafin maganar kuma a wutsiya ya ajiye shi: "mu ma da mu aka yi zaɓe". Wannan shaguɓe ne, tunatarwa ce cewa ƙuri'a bashi ce, kuma wani zaɓen yana tafe.

Ta fuskar karin harshe, waɗannan shirye-shirye suna warware wani kuskure da ɗalibai suke yawan yi, wato ɗaukar cewa Kananci da Daidaitacciyar Hausa abu ɗaya ne. Gaskiya ne a kan Kananci aka gina daidaitacciyar, amma Bakano a waya zai ce "guri" a maimakon "wuri", "na ce mai" a maimakon "na ce masa", "yai" a maimakon "ya yi". Idan kuma kira ya shigo daga wanda ya taso a ƙasar Katsina ko Sakkwato, za a ji "zamna" da "amre" da "hwari" a inda Bakano zai ce zauna da aure da fari. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu a matsayin magana. Kuskure yana farawa ne idan yaro ya kwashe su ya zuba a takardar jarrabawa.

4.0 Kalmomin Siyasa da Sojojin Baka

Fagen siyasar Kano ya daɗe yana haifar da kalmomi. A Jamhuriya ta Biyu, da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, sai aka sami 'yan taɓo na ɓangaren Malam Aminu Kano da 'yan santsi na ɓangaren Gwamna Abubakar Rimi. Kalmar "tazarce" ta samo asali ne daga yunƙurin Janar Sani Abacha na ci gaba da mulki, jimla ce ta dunƙule ta zama suna, yau kuma ana faɗar ta ga duk mai neman wa'adi na biyu. Ɗafa-ƙeyar "-iyya" da aka sani a sunayen ɗariƙu, kamar Ƙadiriyya da Tijjaniyya, ta ƙaura zuwa siyasa ta ba da Kwankwasiyya da Gandujiyya. Da hukumar zaɓe ta ce zaɓen gwamnan Kano na watan Maris 2019 bai kammala ba, kalmar Ingilishin da ta yi amfani da ita ta shiga bakin jama'a a matsayin "inkwankulusib", an cusa mata wasula tsakanin baƙaƙe kamar yadda tsarin gaɓar Hausa yake buƙata, har ana tsokanar juna da ita a kan cinikin da bai faɗa ba. Rediyo bai ƙirƙiri yawancin waɗannan kalmomi ba, amma shi ne yake kai su ƙauye cikin kwana biyu.

Shi kansa fagen ya haifi tasa kalmar, wato "sojojin baka". Waɗannan mutane ne da suka mayar da magana a rediyo sana'a, suna kare ubangidansu na siyasa suna sukar abokin hamayyarsa. Makamansu tsofaffin makaman adabin baka ne: kirari ga gwani, zambo da habaici da gugar zana ga abokin gaba. Wanda ya nazarci waƙoƙin fada zai gane su nan take, domin aikin da maroƙi yake yi wa sarki shi suke yi wa ɗan siyasa, sai dai ba kiɗa. Wasunsu suna da fasaha ta gaske, ba a musun wannan. Illar ita ce mai sauraro ba koyaushe yake iya bambance wanda ciwo ya sa ya kira da wanda aka saya wa kati aka ce ya kira ba. Idan irin waɗannan suka mamaye layi, abin da aka kira ra'ayin jama'a ya zama ra'ayin mutum goma masu waya biyu-biyu. Haka nan duk mai saurare da lura zai ji ƙarancin muryoyin mata a shirye-shiryen siyasa, alhali suna cikin waɗanda suka fi kowa zama da rediyo.

5.0 Yankin Masana'antu a Bakin Masu Kira

Unguwannin da suke kewaye da Sharaɗa da Challawa da Bompai suna da irin nasu batutuwa. Masana'antun jima na waɗannan wurare sun daɗe suna sakin ruwan da ke ɗauke da sinadarai: na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, kuma a gefen waɗannan ruwaye akwai masu noman rani. Masana'antu da dama sun rufe tun daga ƙarshen shekarun 1980, saboda tsadar kayan aiki da ƙarancin wutar lantarki, suka bar magidanta ba aiki. A Zawaciki, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, an ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a watan Janairu 2023, abin da ya ƙara wa maganar hanya da filaye da ɗaukar 'yan gari aiki nauyi.

Mai ƙorafi a kan irin waɗannan abubuwa ba ya da kalmomin masana. Ba zai ce sinadari kaza ya wuce ƙima ba, cewa zai yi ruwan ya yi baƙi, yana wari, kifi ya ƙare. Wannan shaida ce ta ido da hanci, kuma aikin mai gabatarwa nagari ne ya ɗauke ta ya juya ta tambayar da jami'in da ke zaune a gabansa ba zai iya zillewa ba. A nan ma akwai abin lura na harshe: har yanzu mutane suna cewa "an ɗauke nefa", ko da yake hukumar NEPA ta sauya suna tun 2005, rarraba wuta a Kano kuma ya koma hannun kamfanin KEDCO a 2013. Hukuma ta mutu, sunanta ya zauna a matsayin kalma.

Ya kamata a faɗi iyakar abin. Rediyo ba ya gina kwalbati. Abin da yake iyawa shi ne ya sa jami'i jin kunya a gaban mutanen da yake sallah tare da su, kuma a gari irin Kano wannan ba ƙaramin makami ba ne. Amma idan tashar ba ta koma ta bi diddigin alkawarin da aka yi a shiri ba, kiran ya zama huce haushi kawai.

6.0 'Yanci da Iyakarsa

Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafofin yaɗa labarai nauyin sa ido a kan gwamnati. A ɗaya gefen, ƙa'idojin NBC sun ɗora alhakin duk abin da ya fita ta tasha a kan tashar, ko da bakin mai kira ne ya furta shi. Saboda haka ne wasu tashoshi suke tantance mai kira kafin a sa shi, ko su yi amfani da na'urar da ke jinkirta murya na 'yan daƙiƙu domin a iya datse zagi kafin ya fita.

Kano ta ga ɓangarorin biyu na wannan matsala. A watan Maris 2006, ana tsakiyar taƙaddamar neman wa'adi na uku ga Shugaba Olusegun Obasanjo, NBC ta taƙaita wa Freedom lokutan watsa shiri, ta dakatar da wasu shirye-shiryenta na siyasa, bisa zargin barin baƙi da masu kira suna kalaman tunzuri. Masu kare 'yancin 'yan jarida sun ɗauki matakin a matsayin toshe bakin masu adawa. Bayan wata biyu Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin gyaran tsarin mulkin.

Ɗaya ɓangaren ya fi ɗaci. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a wasu asibitocin sha-ka-tafi biyu a Kano. Kwanaki kaɗan kafin nan, shirin Sandar Girma na tashar Wazobia ya taɓo batun rigakafin ta hanyar da hukumomi suka ce ta tunzura jama'a. Aka kama 'yan jarida, aka gurfanar da su, NBC ta dakatar da lasisin tashar. Ƙungiyoyin 'yan jarida sun yi jayayya da danganta shirin da kisan, kuma adalci ne a ce zargi ba hujja ba ne. Amma lamarin ya nuna cewa a garin da shakku a kan allurar ya taɓa kai wa ga dakatar da ita daga 2003 zuwa 2004, magana a rediyo ba ta tsayawa a cikin akwati.

Taƙaddamar ba ta ƙare a nan ba. A 2020 NBC ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, a 2023 kuma wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba ta da ikon cin tara, tunda ita ba kotu ba ce. A watan Mayu 2025 gwamnatin Jihar Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, ta ce domin a tsare tarbiyya a magance cin mutunci. Lauyoyi da masu kare 'yancin jarida suka ce wannan hurumin hukumar tarayya ne, ba na jiha ba. Kowane ɓangare yana da abin riƙewa: cin zarafi a rediyon Kano abu ne da ake ji da kunne, amma kuma wanda ake suka ba shi ne ya fi dacewa ya yanke wace suka ce ta wuce gona da iri ba.

7.0 Amfani da Shirin a Aji

Malamin Hausa a firamare ko ƙaramar sakandare zai iya naɗar minti biyar na irin wannan shiri a wayarsa, ya zaɓi wanda ya shafi ruwa ko shara ko makaranta, ya guji na jam'iyyu domin aji ba filin kamfe ba ne, ya kuma share sunan mai kira da lambarsa kafin ya sa wa yara. Bayan sun saurara sau biyu, sai ya nemi su fitar da abin da mai kiran ya gani da idonsa, da abin da aka faɗa masa, da abin da ra'ayinsa ne kawai. Yara sukan cuɗa ukun nan, manya ma haka. Daga nan sai su mayar da ƙorafin wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma cikin Daidaitacciyar Hausa. A wannan mataki ne "guri" zai koma "wuri", gaisuwar hantsi ta faɗi, kuma yaro ya tarar cewa "an zo an auna" ba ta isa a takarda ba, dole ya nemo wanda ya zo da ranar da ya zo.